Tambayoyi da Amsoshi Kan Yayin Salo a Tsara Shafukan Intanet

Duk wanda ya daɗe yana shiga intanet ya lura cewa kamannin shafuka suna sauyawa kamar yadda ɗinki ke sauyawa daga wannan Sallah zuwa waccan. Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda masu koyon tsara shafi da masu ba da aikin suka fi yi, kuma an amsa su ne da tunanin mutumin da zai buɗe shafin a wayarsa, domin shi ne alƙalin aikin.

Me ake nufi da yayi a tsarin shafi, kuma me ke kawo shi?

Yayi shi ne wani salo na launi, ko na rubutu, ko na siffar maɓallai da hotuna, wanda masu tsara shafuka da yawa ke rungumarsa a lokaci guda, sannan bayan wasu shekaru su watsar da shi. Abubuwa uku ne suka fi haifar da shi. Na farko shi ne fasaha, domin duk lokacin da burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta sami ikon yin wani sabon abu, kamar lanƙwasa kusurwa ko saka inuwa, sai kowa ya so ya nuna cewa ya iya. Na biyu shi ne manyan kamfanoni irin su Apple da Google da Microsoft, waɗanda idan suka sauya fuskar manhajojinsu, idon biliyoyin mutane ke sabawa da sabon salon cikin 'yan watanni. Na uku kuwa gajiya ce, wato idan salo ya cika ko'ina, sai masu tsarawa su gundura da shi su nufi kishiyarsa. Wannan dalili na uku shi ne ya sa tarihin abin yake kai-kawo tsakanin ado mai yawa da sauƙi mai yawa.

Yaya shafukan farko suke?

Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya yi a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, kuma aka sanar da jama'a a 1991, rubutu ne zalla da mahaɗai, wato kalmomin da ake dannawa su kai mutum wani shafi, babu hoto ko ɗaya. Burauzar Mosaic ta 1993 ce ta yaɗa nuna hoto a cikin jikin rubutu, daga nan kuma ƙofar ado ta buɗe. Burauzar Netscape ta zo da rubutu mai ƙyaftawa, burauzar Internet Explorer ta zo da rubutu mai tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, sannan GeoCities, wanda aka kafa a 1994, ya ba talakawan intanet fili kyauta su gina shafukansu. A can ne aka ga bango mai taurari, da rubutu kore a kan baƙi, da ƙaramin hoton lebura yana haƙa don nuna cewa ana kan aiki, da na'urar ƙirga baƙi a ƙasan shafi.

Ba daidai ba ne a raina mutanen wancan lokaci, domin kayan aikinsu kaɗan ne ƙwarai. CSS, wato harshen da ke tsara kamannin shafi, Håkon Wium Lie ne ya gabatar da shawararsa a 1994, aka amince da sigarsa ta farko a ƙarshen 1996, amma burauzoji sun ɗauki shekaru kafin su bi shi yadda ya kamata. Saboda haka masu tsarawa suka riƙa amfani da jadawalin da aka yi domin lissafi wajen raba shafi gida-gida, suna cusa ƙananan hotuna marasa launi don su tura rubutu inda suke so.

Ina Flash ya shiga, bayan a da shi ne abin alfahari?

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, kamfanin da ke son a ce ya waye yakan gina shafinsa da Flash, wani kayan aiki da ake ƙara wa burauza, wanda ke ba da damar motsi da sauti da kowane irin rubutu. Mai ziyara yakan zauna yana kallon adadi yana hawa daga kashi 1 zuwa 100, sannan a nuna masa gabatarwa mai kiɗa kafin ya isa ga abin da ya zo nema. Aibin abin yana da yawa: injin bincike ba ya iya karanta rubutun da ke ciki sosai, manhajojin da ke karanta wa makafi shafi suna shan wahala da shi, yana shan batir, kuma ɓarayin intanet sun sha samun kafa ta cikinsa. Wayar iPhone da ta fito a 2007 ba ta taɓa karɓarsa ba, kuma a watan Afrilun 2010 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilansa na ƙin sa. Adobe, wanda ya mallaki Flash bayan sayen Macromedia a 2005, ya daina tallafa masa a ranar ƙarshe ta 2020. Shafuka masu ɗimbin yawa da aka kashe musu kuɗi sun mutu tare da shi, kuma wannan shi ne babban abin da ya kamata mai ba da aiki ya tuna idan aka ce masa a gina komai a kan kayan kamfani guda.

Me ya sa a wani lokaci maɓallai suke sheƙi kamar alewa, sai kuma kwatsam komai ya koma shimfiɗe?

Wannan ita ce babbar juyawa a tarihin abin, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Daga wajen 2004, shafuka suka cika da maɓallai masu ƙyalli, da launi mai zubowa daga haske zuwa duhu, da tambari mai inuwarsa a ƙasa kamar an ajiye shi a kan madubi. Da wayoyin taɓawa suka zo, Apple ya kai salon kwaikwayon kayan zahiri ƙarshe: manhajar kalanda tana da bango kamar fata har da zaren ɗinki, manhajar littattafai tana da kanta ta katako, manhajar rubutu kuma takarda ce ruwan ɗorawa mai layi-layi. Akwai hikima a cikin haka, domin mutanen da ba su taɓa riƙe wayar da babu madannai ba suna buƙatar abin da zai gaya wa idonsu cewa wannan wuri ana danna shi, wancan kuma ana jan sa.

Microsoft ne ya fara karya wannan al'ada a fili, da salon Metro a wayoyin Windows na 2010 da kuma Windows 8 na 2012, inda aka koma ga murabba'ai masu launi ɗaya da rubutu bayyananne. A 2013 Apple ya fitar da iOS 7 ƙarƙashin jagorancin Jony Ive, aka share fata da katako da sheƙi gaba ɗaya. A 2014 Google ya kawo Material Design, wanda ya tsaya a tsakiya, yana ɗaukar kowane sashe kamar takarda da aka ɗora a kan wata, da 'yar inuwa mai nuna wanda ke sama.

Dalilin bai tsaya ga ɗanɗano ba. A wancan lokaci kusan duk sheƙi da lanƙwasa hoto ne da aka yanka aka manna, kuma hoton da aka yanka domin allon kwamfuta ba ya zama daidai a kan ƙaramar waya. A watan Mayun 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar gina shafi guda da zai riƙa miƙewa yana tsukewa gwargwadon faɗin allo, kuma launi shimfiɗaɗɗe da siffofi masu sauƙi su ne suka fi jure wannan miƙewa da tsukewa. Wato wayar hannu ce ta kori sheƙi, masu ɗanɗano kuma suka zo daga baya suka yi wa abin bayani.

To, shimfiɗaɗɗen salo ya fi na da kyau ke nan?

Ya fi sauƙin nauyi, amma ya zo da nasa ciwon. Da aka cire inuwa da layin ƙarƙashin mahaɗi, sai maɓalli da rubutun ado suka zama kamar Hassan da Usaini, mutum bai san inda zai danna ba. Cibiyar Nielsen Norman ta yi gwaji a 2017 da na'urar bin motsin ido, ta gano cewa mutane sun ɗauki ƙarin lokaci na kimanin kashi 22 cikin 100 a shafukan da alamun dannawarsu suke da rauni. A ganina wannan ita ce asarar da aka fi yin shiru a kanta, domin matashin da ya girma da waya zai lalubo hanya, amma dattijon da ke son biyan kuɗin makarantar jikansa zai tsaya yana kallon allo, ya ɗauka laifinsa ne. Shi ya sa masu hankali a cikin masu tsarawa suka dawo da 'yar inuwa da iyaka a jikin maɓalli.

Me ya sa shafukan yanzu suke kama da juna?

Saboda yawancinsu daga tukunya ɗaya aka kwaso su. A 2011 ma'aikatan Twitter biyu, Mark Otto da Jacob Thornton, suka saki wani kayan gina shafi mai suna Bootstrap kyauta, wanda ke raba shafi zuwa ginshiƙai 12 kuma ya zo da maɓallai da jerin sassa a shirye. WordPress kuma, wato tsarin gina shafi da aka fara a 2003, yanzu yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, kuma masu amfani da shi sukan ɗauki samfurin da wani ya riga ya zana. Sakamakon shi ne fasalin da kowa ya sani: babban hoto a sama, da jimla guda da maɓalli a tsakiyarsa, da ginshiƙai uku masu ƙananan alamomi a ƙasa. Daga wajen 2017 aka ƙara da zanen mutane masu dogayen hannaye da ƙananan kawuna da fata shuɗiya ko shunayya, salon da Facebook ya taimaka wajen yaɗawa, har ya zama banki da kamfanin abinci da asibiti duk fuskarsu ɗaya.

Kamanceceniya ba duka aibi ba ce. Idan mutum ya san cewa tambari yana sama kuma danna shi zai mai da shi shafin farko, an rage masa wahala. Abin da ke ɓata aiki shi ne a bar hotunan samfurin yadda suke, a ga shafin makarantar da ke Zariya ko Maraɗi ɗauke da hoton wasu baƙin fuskoki a ofishin da babu irinsa a garin.

Layuka ukun nan da ke kusurwar shafi, waɗanda ake dannawa don ganin jerin sassansa fa, su ma yayi ne?

Sun girmi intanet ɗin da muka sani. Norm Cox ne ya zana alamar domin kwamfutar Xerox Star ta 1981, wayoyin taɓawa kuma suka farfaɗo da ita saboda ƙarancin wuri. A waya tana da uzuri. A faffaɗan allon kwamfuta kuwa ɓoye sassan shafi a bayanta kwaikwayo ne kawai, kuma abin da aka ɓoye ba kasafai ake nemansa ba.

Shin yanayin duhu yana kare ido kuma yana adana caji?

Yanayin duhu, wato farin rubutu a kan baƙin bango, ya bazu ne bayan macOS Mojave na 2018, da iOS 13 da Android 10 na 2019. Batun caji ya danganta da irin allon. A allon OLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, don haka baƙin wuri a kashe yake kuma ana samun ragi na gaske. A allon LCD, wanda shi ne a jikin yawancin wayoyi masu araha, fitilar baya tana kunne ko shafin fari ne ko baƙi, saboda haka ragin bai taka kara ya karya ba. Game da ido, duhun yana da daɗi da dare a ɗaki marar haske, amma dogon karatu ya fi sauƙi ga yawancin mutane da baƙin rubutu a kan fari, kuma a tsakar rana baƙin allo yakan koma madubi. Hanyar da ta dace ita ce shafi ya bi zaɓin da mutum ya riga ya yi a wayarsa, abin da CSS ke ba da dama a yau, maimakon a tilasta wa kowa ɗaya.

Mene ne salon gilashi da salon kumburi da ake yawan nunawa a hotunan masu zane?

Salon kumburi ya tashi a ƙarshen 2019, inda maɓalli da bango suke da launi ɗaya, inuwa mai laushi kaɗai ke nuna cewa wani abu ya ɗan taso. A hoto yana da kyau, amma kyan ɗan maciji ne, domin a hasken rana ko a idon mai raunin gani maɓallin ɓacewa yake yi, kuma bai daɗe ba aka bar shi. Salon gilashi kuwa, wato faifai mai nuna abin da ke bayansa dishi-dishi, tsohon abu ne da ke dawowa: an gan shi a Windows Vista a 2007, ya sake fitowa a macOS Big Sur a 2020 da Windows 11 a 2021, sannan a watan Yunin 2025 Apple ya gabatar da Liquid Glass, wanda tun a makonnin farko aka yi ta ƙorafin cewa rubutu yana wahalar karantuwa a kansa.

Akwai ma'aunin da ke raba gardama a nan. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafi ga masu lalura sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Ana auna wannan da kayan aiki na kyauta cikin daƙiƙu. Duk salon da ya kasa wannan awo, komai tashensa, ya bar wasu mutane a waje, kuma haka abin yake ga siririn rubutu ruwan toka a kan fari, wanda ya daɗe yana cutar da masu karatu da sunan tsafta.

Motsi a shafi yana da amfani, ko ado ne kawai?

Ƙaramin motsi mai nuna cewa an karɓi dannawa, ko saƙo ya tafi, yana da amfani sosai. Matsalar tana ga motsin da aka yi don burgewa. A watan Disamban 2012 jaridar New York Times ta wallafa wani dogon rahoto mai suna Snow Fall, kan zaftarewar ƙanƙara a jihar Washington, inda hotuna da bidiyo ke motsi yayin da mai karatu ke jan shafi, kuma ya ci kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2013. Daga nan kowa ya so bangon shafinsa ya riƙa tafiya daban da rubutu, aka manta cewa waccan jarida ta sa ƙwararru da yawa sun yi watanni a kan labari guda. Irin wannan motsi yana sa wasu mutane jiri da tashin zuciya, shi ya sa wayoyi suke da zaɓin rage motsi, kuma wajibi ne shafi ya mutunta shi.

Hotunan da ke juyawa da kansu a saman shafi su ma haka. Alƙaluman da aka fitar daga shafin Jami'ar Notre Dame ta Amurka a 2013 sun nuna cewa kusan kashi 1 cikin 100 na baƙi ne suka danna su, kuma mafi yawan waɗannan hoton farko suka danna. Sau da yawa ana saka su ne don a raba gardama tsakanin sassan ma'aikata da kowanne ke son a gan shi a sama, mai ziyara kuma shi ke biyan kuɗin datar hotuna biyar don ya ga ɗaya.

Yaya yayi yake shafar wanda ke shiga da ƙaramar waya da data ƙididdigagga?

Kamfanin StatCounter ya ba da rahoton cewa tun a watan Oktoban 2016 shiga intanet ta waya da kwamfutar hannu ta taɓawa ya zarce na kwamfutar tebur a duniya, kuma a Najeriya da Nijar waya ce hanyar yawancin mutane, galibi ƙirar Tecno ko Infinix ko itel. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabayit 2, kuma bidiyon da ke kunna kansa a saman shafi zai iya ninka wannan sau da yawa. Mai tsarawa yakan gwada aikinsa a babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, sai ya ga komai yana tafiya sumul, alhali wanda aka yi domin shi yana tsaye a tasha da sabis sanda biyu yana jiran farin allo. Google ya sa daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar da ya kamata babban abin da ke shafi ya bayyana, kuma tun 2021 wannan awo yana cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Idan ado ya sa baƙo ya juya tun kafin shafi ya buɗe, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Akwai abin da ya shafi mai rubutu da Hausa musamman?

Akwai, kuma shi ne batun haruffa masu lanƙwasa. Tun da Google Fonts, wato rumbun samfuran haruffa na kyauta, ya fara a 2010, zaɓen samfurin haruffa na musamman ya zama babban yayi, amma da yawa daga cikin samfuran da ke tashe ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan harafi ya ɓace, burauza takan aro shi daga wani samfurin, sai a ga kalma kamar “ƙoƙari” da haruffa biyu da suka fi sauran kauri ko tsawo, wani lokaci ma akwati ne fanko ke fitowa. Har samfurin da ke da haruffan ma ana iya yanke masa su idan aka loda rukunin haruffan Turai ta Yamma kaɗai don rage nauyi. Noto na Google, da Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, duk suna ɗauke da su. Kafin a amince da kowane samfuri, a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan ƙanana da manya, a duba ta da kauri da kuma a karkace, domin sau da yawa babban Ɗ ko Ƙ na kanun labari ne ke tona asiri. Cire lanƙwasar don samfurin ya zauna ba mafita ba ce, tunda kowa ya san tazarar da ke tsakanin “baki” da “baƙi”.

Shin akwai shafukan da suka ƙi bin yayi kuma suka ci nasara?

Shafin farko na Google fari ne da akwati guda tun 1998. Craigslist, shafin ƙananan tallace-tallace na Amurka, har yau jerin shuɗɗan mahaɗai ne kusan kamar yadda yake a shekarun 1990. Wikipedia ta Turanci ta shafe sama da shekara goma kafin ta yi babban sauyin kamanni a watan Janairun 2023. Misalin da na fi so shi ne GOV.UK na gwamnatin Birtaniya, wanda aka buɗe a 2012 da baƙin rubutu a kan fari da kusan babu hoto, ya kuma lashe kyautar zanen shekara ta gidan tarihin zane na Landan a 2013. Sai dai ƙin yayi ma ya taɓa zama yayi: daga wajen 2014 aka sami salon ɗanyen siminti, mai aro sunansa daga wani salon gini, inda ake yin shafi da gangan da kaushi da manyan haruffa da launuka masu faɗa da juna. Ya dace da mai zane da ke tallar kansa, amma bai dace da wurin da ake biyan kuɗi ko neman magani ba.

Ina da shafi da ya kwana biyu. Yaushe ya kamata in sabunta shi?

Ka fara da ba mutum biyar daga cikin waɗanda aka yi shafin dominsu wayarsu, ka ce kowanne ya nemo abu guda, kamar farashi ko adireshi ko fom ɗin rajista, sannan ka yi shiru ka kalli inda yatsansa ke tsayawa. Idan shafin ba ya daidaita da waya, ko rubutu ya yi ƙanƙanta, ko yana daɗewa kafin ya buɗe, ko bayanan da ke ciki sun tsufa, to lokacin gyara ya yi. Idan kuwa duka biyar sun sami abin da suke nema, ƙorafin kawai shi ne launin ya kwana biyu, to sauya launi da samfurin haruffa da hotuna ya wadatar, kuma wannan aikin kwanaki ne idan an ware kamanni a cikin CSS tun farko. Ka guji rushe komai a dare ɗaya, domin mutane suna sabawa da wurin da abu yake. Lokacin da Snapchat ya juya fasalin manhajarsa a farkon 2018, sama da mutum miliyan 1 ne suka sa hannu a takardar neman a dawo da na da. Idan mai tsarawa ya kawo maka sabon salo, ka nemi ya buɗe maka shi a waya mai araha, a waje cikin rana, da datar layi, ka kuma sa ya karanta maka sakin layi guda na Hausa mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa kafin ku yi maganar kuɗi.